Wanda Muka Ce Ya Ajiye Makulli, Wa Zai Kai Shi Jakara?



Yau za mu taɓa wata magana da ba a cika kawo ta a taron zumunta ba, ko da yake da wuya a sami ikkilisiyar da ba ta da gida ɗaya ko biyu da abin ya shafa. Maganar ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai ciwon farfaɗiya ce, da tambayar ko ya kamata ya riƙa tuƙi. Bari mu faɗi inda muka tsaya tun daga farko. Wanda farfaɗiyarsa ba ta kwanta ba tukuna, ya ajiye makulli, ko na mota ne, ko na adaidaita, ko na babur. Amma ajiyewar ta wani lokaci ce, kuma duk ikkilisiyar da ta buɗe baki ta ce masa ya ajiye, ta sani ta ɗauki bashi a wuyanta.

Yawancinmu a wajen ganuwa muke kwana, a Sabon Gari, Birged, Tudun Wada, Badawa da sauransu, amma abincin da yawa daga cikinmu a cikin birni yake. Akwai masu saro kaya a kasuwar Kurmi, akwai masu kai wa 'yan kasuwa saƙo, akwai masu gyaran wuta da famfo, akwai malaman asibiti, akwai kuma masu jigilar fasinja daga Fagge su shiga ta Ƙofar Wambai ko Ƙofar Mazugal su sauke a Jakara. Duk wanda ya san wannan hanya ya san ba domin injin aka tsara ta ba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, shekara fiye da 500 ke nan, kuma lungunan da ke kewaye da ita an fitar da su ne domin mai tafiya a ƙasa da jaki da raƙumi. Yau a cikin waɗannan lunguna ne mai baro, da ɗan garuwa, da yaran makaranta, da tsohuwa mai sanda, da adaidaita suke gogar juna, ga kwata a gefe.

To, mu yi ɗan lissafi. Abin hawa da ke gudun kilomita 40 a awa ɗaya yana cin mita 11 a kowace daƙiƙa. Idan hankalin mai tuƙi ya ɗauke na daƙiƙa 10 kawai, ya yi tafiyar mita 110 babu kowa a kan sitiyari. Ko a rage gudun zuwa rabi, irin na cikin cunkoso, mita 55 ne. A tsakanin Jakara da bakin kasuwa, ku nuna mana mita 55 da babu ran ɗan Adam a ciki.

Mun ce daƙiƙa 10 ne domin mutane da yawa suna zaton farfaɗiya ita ce kawai wadda mutum zai faɗi ƙasa yana jijjiga, kumfa na fita a baki. Wannan kashi ɗaya ne. Farfaɗiya rikicewar saƙonnin lantarki ce a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, kuma yadda za ta bayyana ya danganta da inda rikicewar ta tashi. Wani zai ƙura ido ne kawai, a yi masa magana bai ji ba, sai ya dawo ya ci gaba da zancensa. Wani zai yi ta tauna baki ko jan rigarsa, bai san yana yi ba. A kan bencin majami'a babu wanda zai lura. A kan babur, wannan ɗan ɗaukewar ta isa ta kashe mutum.

Akwai wata doka a Maimaitawar Shari'a sura 22, aya 8, da mu mutanen Kano ya kamata mu gane ta fiye da kowa, domin gidajen Isra'ila na wancan zamani masu shimfiɗaɗɗen rufi ne kamar sorayen cikin birni. An umarci wanda ya gina sabon gida ya kewaye rufinsa da 'yar katanga, abin da maginanmu ke kira rawani, domin kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Ku lura, mai gidan bai yi niyyar kashe kowa ba. Laifinsa shi ne ya san akwai haɗari, ya bar shi a buɗe. Mai farfaɗiya bai zaɓi ciwonsa ba, babu kuma zunubi a cikin samunsa. Amma da zarar likita ya gaya masa abin da ke damunsa, ya zama mai gidan da ya san rufinsa ba shi da rawani, kuma fasinjojin da ya ɗauka su ne baƙin da ya gayyato sama su sha iska.

Mun san amsoshin da ake bayarwa, kuma ba duka ne na banza ba.

Wani zai ce, ai ina jin alamarta kafin ta zo, sai in tsaya a gefe. Gaskiya ne wasu suna jin wani abu yana tasowa daga ciki, ko wani wari, ko tsoro babu dalili. Sai dai wannan alamar ita kanta farkon farfaɗiyar ce, ta riga ta soma ke nan. Wata rana za ta ba ka minti ɗaya, wata rana daƙiƙa biyu, wata rana ba za ta yi sallama ba sam. Kuma a hanyar Jakara da hantsi, ina gefen da za ka tsaya?

Wani zai ce, ai masu shaye-shaye da masu danna waya a kan tuƙi sun fi mu haɗari, me ya sa sai mu? Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, ba za mu kore shi ba. Saurayin da ya haɗiyi Tramadol ya hau babur ba shi da bakin yi wa mai farfaɗiya wa'azi, balle ma ita wannan ƙwaya tana iya jefa lafiyayyen mutum cikin jijjiga. Abin da za mu ce shi ne ma'aunin ɗaya ne ga kowa: wanda ba zai iya ba da tabbacin hankalinsa yana tare da shi har ƙarshen tafiya ba, kada ya tuƙa. Gangancin wani ba zai zama maka lasin ba.

Amsa ta uku ita ce ta cikin gida, wadda ta fi shafar mu masu bi. An yi mini addu'a, na karɓi warkarwa, in na ƙi hawa babur ko na ci gaba da shan magani, na nuna rashin bangaskiya ke nan. 'Yan'uwa, mun gaskata Allah yana warkarwa. Amma ku tuna lokacin da Shaiɗan ya kai Ubangiji kan ƙololuwar Haikali ya ce ya diro, har ya kafa masa hujja da Nassi, Yesu ya ƙi, ya kira abin gwada Allah. Wanda ya diro daga Haikali ransa kaɗai ya sa a caca. Wanda ya loda mata da yara a adaidaita don ya nuna bangaskiyarsa, da ran mutanen da ba su san ana yi ba yake caca. Idan warkarwa ta tabbata, watanni za su shaida, likita ma zai gani. Warkarwar gaske ba ta tsoron a jira ta shekara guda.

Tun da mun shigo nan, bari mu ɗan tsaya a kan labarin yaron nan na Markus sura 9, domin shi ake yawan ɗauka a yanke wa kowane mai farfaɗiya hukuncin aljanu. Nassi ya ce ƙazamin ruhu ne ke wahalar da wannan yaro, ba mu musa ba. Amma a Matiyu sura 4, aya 24, inda aka lissafa marasa lafiyar da aka kawo wa Yesu, an ambaci masu aljanu daban, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban. A garin nan mun san hanyoyin da ciwon ke shigowa: doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi, zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, sanƙarau irin wanda ya yi ɓarna a Kano a 1996, da kuma buguwar kai a haɗarin babur babu hular kwano. Wasu kuma ba a gano dalili. Ba a ɗaukarta ta yawu, ba a ɗaukarta ta taɓa mai ita, ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya. Wani abu kuma a labarin: kukan uban yaron shi ne abin yana jefa ɗansa a wuta da ruwa. Faɗuwar kanta sau da yawa takan wuce cikin minti ɗaya ko biyu. Inda ta sami mutum, shi ne yakan yi kisa. A zamaninmu titi ya zama na uku, bayan murhu da rijiya.

Yanzu mu juya ɗaya gefen, inda muke ganin an fi yin shiru.

Tun watan Janairun 2013 da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a cikin birnin Kano, adaidaita sahu ta zama babbar sana'ar matasa. Da yawa ba tasu ba ce, ta wani ce da suke kai masa balas kullum, ko suna biya kaɗan kaɗan har ta zama tasu. Saurayin da ya kai rabin biya, aka ce masa ya ajiye makulli na shekara ɗaya, an ce masa ne ya yi asarar abin da ya zuba, ya rasa kuɗin haya, ya rasa kuɗin maganin da zai kwantar da ciwon. Wanda kuma babur ɗinsa na zuwa aiki ne, zai koma biyan kuɗin adaidaita safe da yamma, kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ya tashi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ƙari a kan haka akwai abin da ba a ƙirgawa da naira. Bahaushe ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Matashin da ya saba tada babur ɗinsa ya tafi inda yake so, yau sai ya roƙi ƙanensa ya kai shi zance. 'Yar'uwar da ta tara albashinta ta sayi 'yar motarta, yau tana tsaye a bakin titi da rana. Wanda bai ɗanɗana wannan ba, kada ya yi saurin cewa ai ƙaramin abu ne.

Shi ya sa ake ɓoyewa. Kuma ɓoyewar tana da sauƙi. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke kula da lasin tuƙi, 'yan KAROTA kuma suna bakin titi suna duba takardu da lamba, amma babu jami'in da zai kalli fuskar mutum ya ga farfaɗiya. Shingen da ya rage shi ne lamirin mai ciwon da kuma mutanen da ya amince ya gaya musu. Idan ya san ranar da ya faɗi gaskiya za a fasa aurensa, a cire shi daga ƙungiyar mawaƙa, mutane su riƙa matsawa daga bencin da ya zauna, a bar shi kuma babu sana'a, to ba zai faɗa ba. Zai ci gaba da tuƙi yana addu'a a zuci. Duk mai ƙyamar mai farfaɗiya, yana da hannu a wannan tuƙin ɓoye.

Dubi yadda wasu ƙasashe suka tsara abin. A Ingila, mai farfaɗiya yana iya karɓar lasin ƙaramar mota idan ya yi wata 12 ba ta tashi ba, ko da yana kan magani. Na bas da babbar mota ya fi tsanani, sai ya yi shekara 10 babu ita kuma babu magani. A Amurka kowace jiha da nata wa'adin, wasu wata 3, wasu wata 6, wasu shekara. Abin da ya ja hankalinmu a waɗannan dokoki shi ne dukansu suna da ƙofar dawowa, kuma suna bambanta mai tuƙa kansa da mai ɗaukar jama'a. Ƙofar dawowar tana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tare da tana tashi ba idan aka gano ta daidai aka ba su magani. Ma'ana, mafi yawan waɗanda muke cewa su ajiye makulli suna da hanyar sake ɗaukarsa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da likitocin ƙwaƙwalwa, Asibitin Murtala ma ga shi nan kusa da Ƙofar Mata, ba nisa da Jakara.

A Galatiyawa sura 6 Manzo Bulus ya faɗi abu biyu da suka yi kamar suna karo: a aya 2 ya ce mu ɗauki nauyin juna, a aya 5 ya ce kowa zai ɗauki kayansa. A maganar nan duka biyun suna da wurin zama. Kayan mai ciwon shi ne ya je asibiti, ya sha magani a kan lokaci, ya faɗa wa likita gaskiyar ranar da ta tashi, ya ajiye makulli. Babu mai ɗaukar masa wannan. Nauyin da ya hau kanmu shi ne hanya da abinci a tsawon watannin jira.

Kuma yadda za a ɗauki nauyin yana da muhimmanci kamar ɗaukar kanta. Akwai taimakon da ke mai da mutum almajiri. A yi sanarwa a gaban ikkilisiya cewa ɗan'uwa wane yana da lalura, a zagaya da faranti, a tafa. Daga ranar ya daina zama wane mai gyaran waya, ya zama wane mai farfaɗiya. Ba wannan muke nufi ba. A kowace zumunta akwai mutum uku ko huɗu da ke bin hanya ɗaya kowace safiya. Su zama layi guda, a ce layin Jakara, da lokacin tashi sananne, shi ma ya zuba kasonsa na kuɗin mai kamar kowa, don ya hau da haƙƙinsa, ya kuma iya yin faɗa idan an makara. Wanda ya kusa gama biyan adaidaita, dattawa su zauna da mai ita, a sa wani saurayi marar aiki daga cikinmu ya riƙa ja, ana biyan bashin, shi kuma yana samun wani abu. A ƙarshe ya zama mai adaidaita da ake kawo wa balas, wanda ma ya fi matsayin da yake a da. Shi zai yanke inda za shi da lokacin da zai dawo, ko da wani ne ke riƙe da kan mashin. Wannan shi ne ainihin abin da yake tsoron rasawa.

Idan akwai kuɗi a asusun zumunta, wurin da ya fi cancanta a sa su shi ne magani. Tsallake shan magani na cikin manyan abubuwan da ke tada farfaɗiyar da ta kwanta, kuma yanke shi farat ɗaya yana iya jawo wadda ba ta tsayawa. Ƙarshen wata da babu kuɗin fenobabiton ko Tegretol zai iya rushe lissafin wata tara. Rashin barci ma haka. Saboda haka ɗan'uwan da ya tashi daga addu'ar dare da ƙarfe goma ya tafi ya kwanta, kada wani ya bi shi da kallon mai sanyin ruhu. A lokacin azumin ikkilisiya kuma ya sha maganinsa a kan ƙa'ida, ya tambayi likitansa yadda zai yi.

Ga shugabanninmu muna da roƙo ɗaya. Idan direban motar ikkilisiya ya zo ya ce likita ya gano masa farfaɗiya, dole ya sauka daga motar, wannan babu jayayya, domin bas cike da yaran makarantar Lahadi ba wurin gwaji ba ne. Amma a ba shi wani aikin da albashinsa. Duk matasan ikkilisiya suna kallo, kuma abin da aka yi wa wannan mutum shi zai gaya wa na gaba ko ya faɗi gaskiya ko ya yi shiru.

Iyaye kuma, hana tuƙi daban, ɗaure mutum a gida daban. Mai farfaɗiya zai iya zuwa kasuwa, ya yi makaranta, ya yi aure, ya shiga adaidaita shi kaɗai. Ya zauna a tsakiya maimakon bakin ƙofa, ya guji goyo a bayan babur muddin tana tashi, ya riƙe 'yar takarda a aljihu mai ɗauke da sunan ciwon da lambar wanda za a kira, domin a cikin cunkoson kasuwa wanda ya faɗi ana iya ɗaukarsa mashayi. Mu da za mu riƙa tafiya tare da shi, mu san abin yi. In ta tashi a hanya, a tsaya, a kawar da abin da zai buge shi, a sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a juya shi ta gefe idan jijjigar ta lafa. Ba a danne shi, ba a cusa masa cokali ko yatsa a baki, ba a ɗura masa ruwa ko manja, ba a kara ƙafarsa a wuta. A duba agogo. In ta wuce minti 5, ko ta sake tashi bai farfaɗo ba, ko ya ji ciwo, asibiti kai tsaye.

Sai ranar da watannin suka cika, likita ya ce babu laifi ya koma tuƙa kansa. A nan ma za a sami masu cewa a'a, gara dai a bari, yawanci daga cikin masu ƙaunarsa. Mu tsaya masa a wannan rana kamar yadda muka tsaya a kansa ya ajiye. A miƙa masa makullinsa. Ya fara da rana, a gajeriyar hanya, da hular kwano in babur ne, ba tare da ɗaukar fasinjan haya ba, kuma kada ya hau ranar da bai yi barci ba ko ya manta magani. Idan aka canza masa magani ya sake tambayar likita. Idan kuma ta sake tashi, lissafi ya koma farko, layin Jakara ya buɗe masa kujerarsa washegari da safe, ba tare da wani ya tsare shi da tambayoyi ba.